Darasi: Giyar Uwa da Bakin Ɗa



Darasinmu na wannan wata ya shafi giya, wadda muka saba da ita har mun daina lura da ita, da kuma ɗan da ke cikin ciki, wanda ba ya iya faɗa mana abin da ke samunsa. Ina roƙon katikis na kowace majami'a ya karanta shi a gaban jama'a bayan sujada, tun maza ba su watse ba. Idan aka bar shi ga taron Zumuntar Mata kaɗai, rabin waɗanda maganar ta shafa ba za su ji ta ba.

Kowa ya san matsayin burukutu a ƙauyukanmu tun zamanin kakanni. Da shi ake sallamar 'yan gayya bayan an tashi daga gona, da shi ake tarbar baƙin biki da na suna, yana kuma nan a wurin makoki. Mata ne suke jiƙa dawa, su shanya tsiro, su kwana a bakin wuta suna dafawa, kuma gidaje da yawa da ribar wannan tukunya suka biya kuɗin makarantar 'ya'yansu. Ba wanda zai raina wannan wahala. Amma mai dafawa ita ce mai ɗanɗanawa, safe da yamma, ko tana da ciki ko ba ta da shi. A bayan nan kuma an sami ƙari: barasa mai zafi a ƙananan ledoji da 'yan kwalabe, da jiƙe-jiƙen sassaƙe da ake zuba wa ogogoro a sayar da sunan maganin ciwon baya ko na shawara. A watan Fabrairu na 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da cewa ta fara aiwatar da dokar hana barasar leda da ta kwalaben da ba su kai mililita 200 ba. Doka tana iya taɓa masana'anta, amma ba ta shiga zauren biki.

Yadda giya take isa wurin ɗan tayi

Akan ce burukutu abinci ne, tun da daga dawa aka yi shi. Gaskiya ne yana da kauri, yana kuma cika ciki. Sai dai abin da yake sa maye a cikinsa shi ne ainihin abin da yake cikin giyar kwalba da ogogoro, kuma ƙarfin burukutun da ya nuna sosai bai yi nisa da na giyar kwalba ba. Ƙwarya kuwa ba ta da ma'auni.

In mace mai ciki ta sha, barasar takan shiga jininta, ta ratsa mabiyiya, ta bi igiyar cibiya zuwa ga ɗan. Mabiyiya tana tace abubuwa da dama, amma ba ta tsare barasa. Cikin ɗan lokaci kaɗan, yawan barasar da ke jinin ɗan yakan yi kusa da wanda ke jinin uwar. Ita uwar tana da hanta ƙosasshiya mai narkar da ita. Hantar ɗan tayi ba ta kai ga wannan aiki ba tukuna, sa'an nan ruwan da yake kwance a ciki yakan riƙe barasar, shi kuma yana haɗiyar wannan ruwa. Saboda haka uwa takan wartsake, ɗan kuwa bai rabu da abin ba.

Likitoci ba su daɗe da tabbatar da wannan ba. A 1968 wani likitan yara a birnin Nantes na Faransa, Paul Lemoine, ya rubuta bayanin yara 127 da iyayensu mashaya ne, ya nuna cewa fuskokinsu sun yi kama da juna kamar 'yan gida ɗaya, ga rashin girma, ga raunin fahimta. Duniya ba ta kula da shi sosai ba. Sai a 1973 waɗansu likitoci biyu na Jami'ar Washington a Amurka, Kenneth Jones da David Smith, suka ga irin wannan a asibitinsu, suka buga a mujallar Lancet, suka kuma ba abin suna, wanda ma'anarsa ita ce lahanin barasa ga ɗan tayi. A 1981 babban likitan gwamnatin Amurka ya yi gargaɗi ga mata masu ciki da masu neman ciki su bar giya. Wani babban nazari da aka buga a 2017 ya kiyasta cewa a duniya mace ɗaya cikin goma tana sha lokacin da take da ciki, kuma kimanin yara 119,000 ake haifa kowace shekara da cikakken wannan lahani. Waɗanda abin ya taɓa su kaɗan-kaɗan sun fi haka yawa nesa ba kusa ba.

Inda aka fi samunsa a duniya shi ne yankin gonakin inabi na Afirka ta Kudu, inda aka yi shekaru aru-aru ana biyan leburori wani sashe na ladansu da giya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sallamar gayya a wurinmu, ya kamata wannan labari ya tsaya masa a rai.

Makonnin da ake gina fuska

Ga zuciyar darasin. Fuskar mutum ba a dunƙule take farawa ba. Sassa ne dabam-dabam suke tsirowa, ɗaya daga sama, waɗansu daga dama da hagu, su matso su haɗu a tsakiya, kamar yadda tela yake haɗa ƙyallaye ya ɗinke. Leɓen sama yana haɗuwa tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki. Ganɗa, wato rufin baki wanda ya raba baki da hanci, tana haɗuwa tsakanin mako na 6 da na 9. Tushen haƙora yana fara kafuwa a cikin dasashi tun wajen mako na 6, kuma wajen wata na huɗu haƙoran nono suke fara yin tauri. Wannan ɗan kwari da ke tsakanin hanci da leɓe, mai tudu biyu a gefensa, alama ce ta wurin da sassan suka gamu. Kowa ya shafa nasa ya ji.

Tun kafin wannan ma, a mako na 3 bayan shigar ciki, ake shata layin tsakiyar fuska da gaban ƙwaƙwalwa, daga wuri guda kuma a lokaci guda. A 1981 wata masaniya a Amurka, Kathleen Sulik, ta ba ɓeraye masu ciki barasa a rana ɗaya tak, ranar da ta yi daidai da wannan mako na 3 a wurin mutum, sai 'ya'yan suka fito da irin fuskar da Lemoine ya kwatanta. Daga nan aka gane cewa ba sai an yi watanni ana sha ba. Maye mai nauyi a ranar da bai kamata ba yana iya barin tabo.

To, ku lissafa da kanku. A mako na 3 mace ba ta ma tabbatar ta yi ɓatan wata ba. A mako na 7 tana cikin shakka. A al'adarmu kuma, ko ta sani, kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba, balle in cikin fari ne. Sai ciki ya fito kowa ya gani da idonsa. Yawancin matanmu ba su zuwa awo sai wata na huɗu ko na biyar. Kafin ma'aikaciyar asibiti ta buɗe baki ta ce mata ta bar giya, an riga an gama ɗinka leɓe da ganɗa. Shi ya sa gargaɗin da ake yi a wurin awo, ko da yake yana da amfani, yakan zo a makare game da baki. Lokacin barin giya shi ne lokacin da mace take zaune da mijinta kuma ciki yana iya shiga.

Akwai wani abu da kunya take jawowa wanda na ga ya kamata a faɗe shi a fili. Amarya tana zaune cikin dangin miji a wurin biki, uwar miji ko wata gwaggo ta miƙo mata ƙoƙo. In ta ƙi karɓa, ta tona asirin cikinta, za a yi ta guɗa ana zolayarta. In ta karɓa, ta shayar da ɗanta. Da yawa sukan karɓa. Maganin wannan yana hannun masu miƙawa: mace ta ce a'a sau ɗaya, a bar ta, kada a tambaye ta dalili, a kuma tanadi kunu ko zoɓo a kowane taro domin kada mai ƙin giya ta zama abin kallo.

Abin da ake gani a baki da haƙora

Alamu uku ne likitoci suke dubawa a fuska: kwarin nan na ƙarƙashin hanci ya shafe ya zama sumul, jan leɓen sama ya zama siriri ƙwarai, tsagar idanu kuma ta zama gajera. Sau da yawa kan yaron ƙarami ne, jikinsa ma bai kai na tsararsa ba ko da yana cin abinci.

A cikin baki kuwa, muƙamuƙin sama yakan kasa girma yadda ya kamata, tsakiyar fuska ta yi kamar an danna ta, haɓa ta zama ƙarama ta koma baya. Ganɗa takan yi zurfi ta ƙuntata. Mutum yana da haƙoran nono 20, na dindindin kuma 32, kuma kowanne yana bukatar wurin zamansa. In muƙamuƙi ya yi kaɗan, sai haƙora su cunkushe, wani ya hau kan wani, wani ya juya, na sama su faɗa ta cikin na ƙasa maimakon su rufe su ta waje. Irin wannan yaro yana wahalar tauna, yakan bar baki a buɗe yana numfashi ta nan, bakin ya bushe, busasshen baki kuwa shi ne gidan ruɓewar haƙori, gama yawu ne yake wanke haƙora dare da rana. Likitocin haƙori a Afirka ta Kudu da suka gwada irin waɗannan yara da tsararsu sun sami muƙamuƙin sama bai cika girma ba, haƙora kuma suna jinkirin ƙosawa. A Jami'ar Munster ta Jamus ma, a 2019, an sami yawan karkacewar cizo, da numfashi ta baki, da tabo a farin ɓawon nan mai tauri da ya lulluɓe haƙori. In wannan ɓawo bai ginu da kyau ba, haƙori yakan fito da ɗigon fari kamar alli ko rawaya, yana saurin gutsurewa, yana kuma zafi in ruwan sanyi ya taɓa shi.

Mafi nauyi shi ne tsagewar leɓe ko ta ganɗa, wato inda sassan ba su gamu ba sam. A nan dole a yi magana da awo. Binciken masana bai nuna cewa kowane kurɓi yana tsaga leɓe ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne haɗarin sha mai yawa a zama ɗaya. A wani nazari na ƙasar Norway da aka buga a 2008, matan da suka sha kofi biyar ko fiye a zama guda cikin watanni uku na farko sun ninka sauran mata wajen haihuwar ɗa mai tsagewa, kimanin sau biyu. Wannan kuwa shi ne irin shanmu: mako ya wuce ba a taɓa ba, ranar biki ko ranar Kirsimeti a sha na wata guda.

Duk da haka, baki ƙofa ce kawai. Haƙori ana gyara shi, leɓe ana ɗinke shi. Abin da ya sa likitoci suke damuwa da waɗannan alamu shi ne abin da suke nunawa game da ƙwaƙwalwa, wadda take girma tun daga farkon ciki har ranar haihuwa. Yaron yakan kasa zama wuri ɗaya, ya manta abin da aka koya masa jiya, lissafi ya gagare shi, ya maimaita laifin da aka hore shi a kansa da safe. Yawancin yaran da giya ta taɓa ƙwaƙwalwarsu ma ba su da wata alama a fuska. Wannan ne ya sa masana kiwon lafiya suke cewa babu wani adadi na giya da aka san ba shi da haɗari ga mai ciki, babu kuma watan da aka ce an tsira. Wannan ne kuma ya sa macen da ta riga ta sha kafin ta san tana da ciki bai kamata ta ce aikin gama ya gama ba. Ranar da ta bari, daga ranar ƙwaƙwalwar ɗanta ta huta. Wadda jikinta ya saba ƙwarai, har in ba ta sha ba hannunta yana rawa, kada ta yanke farat ɗaya ita kaɗai a gida, domin hakan yana iya kawo jijjiga; ta je asibiti a taimake ta.

Kada darasi ya zama sanda

Ina jin tsoron abu ɗaya game da wannan rubutu, wato a fita daga majami'a a shiga leƙen leɓunan 'ya'yan mutane. Na hana wannan. Tsagewar leɓe tana da dalilai da yawa: gado, shan taba, ciwon sukari, waɗansu magungunan farfaɗiya, kuma sau da yawa likita ma ba ya iya nuna dalili. Mata masu yawa da ba su taɓa kai giya bakinsu ba sun haifi irin waɗannan yara. Siririn leɓe kuma a wani gida kamannin kaka ne kawai. Likitan yara ne kaɗai yake iya haɗa alamu ya yanke magana. Haka kuma ba aikin iska ba ne, ba mayu ba ne, ba don uwar ta yi dariyar wani ko ta fita da tsakar dare ba ne.

In kuma ya tabbata giya ce, a tambaya: wa ya sayo, wa ya miƙa, wa ya bar ta da ciki da tukunyar giya a matsayin hanyar samun kuɗin cefane? Ikilisiyarmu ba ta ce giya a kan kanta haram ce ba. Katikisma, a lamba ta 2290, tana koyar da kamewa daga wuce gona da iri a abinci da barasa da taba da magani. Amma abin da yake daidai gwargwado ga ƙato mai noma ba shi da gwargwado ga ɗan da bai kai tsawon yatsa ba. A Littafin Mahukunta sura 13, da mala'ika ya yi wa matar Manowa albishirin haihuwar Samson, ita uwar ce aka hana wa ruwan inabi da abin sa maye tun yaron yana ciki. Dalilin a can keɓewa ne ga Allah, ba darasin likita ba ne, kada mu ɗora wa Nassi abin da bai faɗa ba. Abin lura shi ne Manowa bai ce wannan maganar mata ce ba. Ya roƙi Allah a sake aiko manzon domin shi ma ya ji yadda za su yi da yaron. Maigidan da ya ajiye ƙoƙonsa na watanni tara domin matarsa ta sami abokin haƙuri ya yi wa'azin da ya fi nawa. (Waɗansu mata sukan tambaya game da ƙoƙon Jibin Ubangiji a ranar da aka ba da shi. Wanda ya karɓi Jikin Almasihu kaɗai ya karɓi Almasihu ɗungum, ba abin da ya ragu.)

Kula da yaron da aka riga aka haifa

Ungozoma ce takan fara ganin bakin jariri, bayanta sai wanzami. Tsagewar leɓe ba ta ɓuya, amma ta ganɗa tana iya ɓuya a can ciki. Alamarta ita ce jariri ya kasa kama nono da ƙarfi, ya daɗe yana tsotso bai ƙoshi ba, nono yana fitowa ta hanci. Wani lokaci beli yakan kasance a rabe biyu, wannan kuma yana iya nuna tsagewar da fata ta rufe. Kada a yarda a yanke belin kowane jariri, balle irin wannan. A kai shi asibiti. Kafin a kai ga aiki, uwa ta tatsi nononta a kofi mai tsabta ta ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, tana riƙe da shi a zaune, ba a kwance ba. Kada kuma a ba mai jego burukutu da sunan kawo ruwan nono. Barasa tana rage saukar nono, tana kuma shiga cikinsa. Abinci mai kyau da ruwa sun fi.

Ana ɗinke leɓe tun jariri yana da wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen shekara ɗaya, kafin magana ta kafu, domin in aka makara yaro yakan saba da magana ta hanci. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi, kuma ƙungiyar Smile Train, wadda aka kafa a 1999, tana ɗaukar nauyin irin wannan aiki kyauta a asibitoci da dama na Nijeriya. A fara da asibitin da ya fi kusa, a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi, a nemi takardar turawa. Babban da ya girma da tsagewar ma ana yi masa. A riƙa duba kunnen yaron kuma, gama masu tsagewar ganɗa suna yawan ciwon kunne, rashin ji kuwa yakan sa a ɗauki yaro daƙiƙi alhali kurumta ce take damunsa.

Game da haƙora, ƙasarmu ƙasar rake ce. Daga Makarfi zuwa Kudan yaro yana tashi da rake a hannu da mazarƙwaila a aljihu, ga alewa da lemon kwalba a kowane shago. Haƙorin da ɓawonsa yake da rauni ba ya jure zaƙin da ake tsotsa yini guda. In za a ba yaro, a ba shi tare da abinci, sa'an nan ya kurkure baki. A goge masa haƙora safe da dare tun daga na farko, wanda yakan fito wajen wata 6, da ɗan man goge baki mai sinadarin fuloraid. Asuwaki yana da kyau, amma yaron da hannunsa bai ƙware ba kuma yana mantuwa ba zai iya shi kaɗai ba. Babba ya tsaya a kansa, a lokaci ɗaya kowace rana, har ya wuce shekarun da ake sakin sauran yara.

A lura musamman da shekara ta 6. A lokacin ne turmin farko na dindindin yake fitowa a can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Iyaye da yawa sukan ɗauka na nono ne, in ya fara kogo su ce a bari ai zai yi famfara. Wannan ba ya famfara. In ya tafi ya tafi ke nan, shi ne kuwa ginshiƙin da sauran haƙora suke jeruwa a kansa. In aka ga rami ko baƙin ɗigo a kansa a nemi likitan haƙori tun bai fara zafi ba, kada a cusa masa garin batir ko ƙwayar magani ko taba. In za a je, a gaya wa likitan tun farko cewa yaron ba ya son hayaniya ko taɓa baki, a nemi a gan shi da safe kafin ya gaji, wanda ya fi sabawa da shi kuma ya shiga tare da shi.